Gidan inuwar giginya: raunin ƙuruciya da yadda ake warkewa

Duk wanda ya taɓa buɗe baki a cikin dangi ya ce mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun cutar da shi, ya san amsar tun kafin ya kai aya. "Ai iyaye ne." "Haƙuri za ka yi, wata rana sai labari." "Kai dai ka rabu da su lafiya." In ya matsa, a ce boko ta lalata shi, ko a fara shawarar kai shi wajen mai ruƙiyya. Shi ya sa a Jos ɗin nan akwai magidanta da matan aure, masu shekara talatin da arba'in, masu sana'a da 'ya'ya, da ke yawo da ciwon da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Wasunsu ma ba su san ciwo ba ne, sun ɗauka haka Allah ya yi su: ba su iya cewa a'a, ba su yarda da kansu, kuma da waya ta yi ƙara suka ga sunan gida sai gabansu ya faɗi.

Irin gidan da nake nufi, Hausawa sun daɗe da yi wa mai shi kirari: inuwar giginya, na nesa ka sha. A waje Alhaji mutumin kirki ne, shi ake kira sasanci, shi ke biya wa 'ya'yan maƙwabta kuɗin makaranta a gaban jama'a. A gida kuwa, da an ji gyaran muryarsa a zaure sai a kashe rediyo, yara su watse, uwargida ta gyara fuska. Ko kuma Hajiya ce, mai faran-faran a gidan biki, uwar adashi, wadda kowa ke ce wa 'ya'yanta "kun yi sa'ar uwa", alhali 'yarta ba za ta iya tuna ranar da ta shiga ɗakinta ta fito ba a yi mata gori ba. Abin da ya fi ci wa ɗan irin wannan gida tuwo a ƙwarya shi ne ba shi da shaida. Duk gari ya san wani mutum daban, shi kaɗai ya san na cikin gida.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran mafi tsananin wannan hali nasisizim, wato son kai da ɗaukar kai da suka zama cuta. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta na cututtuka a 1980, kuma bugun 2013 ya jera alamomi 9, sai mutum ya haɗa 5 kafin a ce yana da shi. Daga ciki akwai ganin ya fi kowa, ƙishirwar yabo, jin cewa komai haƙƙinsa ne, amfani da mutane don biyan buƙatarsa, da hassada. Kundin ya ce kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari na waɗanda ake tabbatar wa ciwon maza ne. Amma alamar da ta fi shafar yaro guda ce: rashin iya jin zafin wani. Yaro zai iya rayuwa da uba mai alfahari. Uban da bai san cewa ɗansa mutum ne mai zuciyar kansa ba, wannan shi ne ke barin tabo.

A nan sai an yi hattara, domin a TikTok da Facebook yanzu duk wanda ya ɓata maka rai an laƙaba masa sunan. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunyar ɗan fari take yi, kuma sau da yawa ita ce za ta ɓoye masa nama a ƙasan tuwo. Uban da ya rasa shagonsa a gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, ko wanda aka ƙona wa gida a rikicin 2001, ko 2008, ko 2010, ya koma mai faɗa da saurin hannu, shi ma nasa raunin yake ɗauke da shi. 'Ya'yansa sun cutu, babu ja, amma irin wannan uban yakan yi nadama, yakan sayo tsire da daddare ya ajiye ba tare da ya ce komai ba, kuma kowa a gidan ya san ban-haƙuri ne. Likita kaɗai ke iya cewa wane yana da ciwon, shi ma sai ya zauna da mutumin, ba daga labarin ɗansa ba. Sai dai mai neman warkewa ba ya buƙatar takardar likita a kan iyayensa. Tambayar da ta fi amfani ita ce: a gidanku, idan ka yi nasara ko ka ji ciwo, labarin wa ake yi? A gidan inuwar giginya, in yarinya ta ci jarrabawa, "ai ni ta gado" a gaban baƙi, a ɗaki kuma "kada ki ɗauka kin zama wata tsiya". In ta kwanta zazzaɓi, "kin ga irin wahalar da kike ba ni".

Kuma a irin wannan gida ba a barin yara su zama 'yan'uwa kawai, kowa da aikin da aka ɗora masa. Akwai ɗan lele da ba ya laifi, akwai wanda ko tulu ne ya fashe yana makaranta shi za a jira. Akwai babbar 'ya da aka mayar uwa tun tana shekara tara, goyo da girki da wanki, sannan da dare ta zauna ta saurari ƙorafin uwarta a kan kishiya. Inda mata suka fi ɗaya, rabon yakan bi ɗaki: ɗan mowa da ɗan bora. Mai gida irin wannan ba ya son 'ya'yansa su haɗa kai, don haka ya faɗa wa wannan magana, ya faɗa wa wancan wata, har a girma ana 'yan ubanci ba a san mafarinsa ba. Ɗan lele ma bai tsira ba. Wani bincike da Eddie Brummelman da abokan aikinsa suka buga a 2015, bayan sun bibiyi yara 565 a ƙasar Holan, ya nuna cewa yaran da iyaye ke nuna wa sun fi sauran yara su ne suka fi tasowa da wannan ɗaukar kai, yayin da waɗanda aka nuna wa ƙauna kawai suka taso da yarda da kai. Wato ɗan lele yakan zama magajin ciwon.

Ga yadda abin ke kasancewa bayan shekara ashirin. Ranar Sallah malamar makaranta ta taso daga Bukuru da turmin atamfa da kaji biyu, ta durƙusa ta gaida mahaifiyarta a Unguwar Rogo. Hajiya ta juya atamfar, ta duba bakinta, ta ture gefe. "Wannan ai ta 'yan aiki ce. Ƙaninki da ya tashi, leshi ya kawo mini." Kuɗin leshin kuwa ita malamar ce ta tura wa ƙanin, kowa a ɗakin ya sani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." A keke a hanyar komawa hawaye na zuba, tana jin haushin kanta: mace da 'ya'ya huɗu, me ya sa magana ɗaya ke mayar da ita 'yar shekara bakwai?

Dalilin yana cikin yadda aka gina ɗan Adam. John Bowlby, likitan Ingila, shi ya fara bayyana cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa buƙata ce ta rayuwa kamar nono. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta fara gwada wannan ne a Afirka, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Yuganda a 1954, tana zama a gidaje tana kallon uwa da ɗa. Daga baya, a shekarun 1970, Edward Tronick ya yi gwajin da ya shahara: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska na ɗan lokaci. Jaririn ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in duk bai yi ba sai ya fashe da kuka ya kau da kai. Minti biyu ke nan. Yaron da ya tashi a gidan da fuskar ke daskarewa ba gaira ba dalili, kuma ba wanda zai dawo ya rarrashe shi, dole ya nemo wa kansa bayani. Ba zai iya cewa "uwata ce ke da matsala" ba, domin rayuwarsa a hannunta take. Abin da ya rage masa shi ne "ni ne mara kirki, in na gyara za a so ni". Wannan hukuncin da yaro ya yanke wa kansa shi ne ainihin raunin, ya fi dukan da zagin daɗewa.

Jiki ma yana ɗaukar nasa kason. Yaron da kullum ke sauraren takun ƙafa don ya san da wace fuska aka dawo, jikinsa na zuba sinadaran tsoro, kotisol da adirenalin, ba hutu. Tsakanin 1995 da 1997 Vincent Felitti da Robert Anda suka tambayi manya fiye da 17,000 a Amurka game da wahalhalun ƙuruciyarsu, suka duba lafiyarsu. Kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla nau'i ɗaya, kuma waɗanda suka haɗa nau'i huɗu ko fiye haɗarinsu na shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12. Kada a ce wannan na Turawa ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma kusan yarinya ɗaya cikin shida da yaro ɗaya cikin biyar sun sha cin zarafin zuciya daga iyaye ko manyan dangi. Martin Teicher na Jami'ar Harvard ya nuna a 2006 cewa zagi da wulaƙancin baki daga iyaye kaɗai, ko ba duka, suna barin illa mai nauyi a lafiyar ƙwaƙwalwa. Mu kuwa a nan "ɗan iska", "mara amfani", "da na sani ban haife ki ba" ba ma lissafa su a cikin cuta.

Idan an girma, ba kasafai mutum ke zuwa asibiti ya ce ƙuruciyata ce ke damuna ba. Cewa zai yi ƙirjina na zafi, kaina na sarawa, barci ya ƙaurace mini, tunani ya yi mini yawa, wani abu na yawo a jikina. A sha maganin olsa daga kemis shekara da shekaru. Wasu samari su faɗa wa tiramol, wasu mata su faɗa wa kodin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta da ya fara aiki a Janairun 2022, ta amince da wani nau'in ciwon firgici mai sarƙaƙiya da ke biyo bayan cutarwa mai tsawo wadda ba a iya guje mata. Bayan mafarkai da razana da gudun duk abin da ke tuna baya, yana da ƙarin alamu uku: kasa riƙe zuciya idan ta tashi, ganin kai ba a bakin komai ba, da wahalar kusantar mutane. Ba duk ɗan irin wannan gida ne ke kaiwa nan ba, amma da yawa za su ga kansu a cikin ukun nan.

Yanzu ga inda maganar ta fi wuya a wurinmu, kuma nan ne shawarar intanet ke faɗuwa. Makamin da ya fi kowane kaifi a hannun irin waɗannan iyaye shi ne albarka. "Ban yafe ba." "Zan ɗaga maka nono." "In ka auri yarinyar nan ba da yawuna ba." Mutum ya yi digiri biyu, ya zaga duniya, amma kalmar tsinuwa ɗaya ta sa ya saki matar da yake so ko ya miƙa albashinsa kaf. Ba wauta ba ce, tsoron Allah ne aka kama shi da shi. Matsalar ita ce mun cakuɗa abu uku wuri guda: kyautata wa iyaye, yi musu biyayya a komai, da gaskata duk abin da suka faɗa game da kai. Na farko wajibi ne. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da cewa "tir", kuma aya ta 15 a Suratu Luƙman ta ce ko iyayen da ke tilasta maka shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Wannan ayar da kanta ta raba biyayya da kyautatawa. Hadisi ya ce biyayya tana cikin abin da yake daidai ne. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ce a tsaya kan adalci ko da a kan kai ne ko iyaye, ta 148 kuma ta ba wanda aka zalunta damar faɗin abin da aka yi masa. Na uku kuwa, cewa in uwarka ta ce kai mara amfani ne to haka ne, babu inda addini ya ɗora maka shi.

Wa'azinmu ya cika da haƙƙin iyaye, wanda gaskiya ne, amma sau nawa ake jin ɗaya ɓangaren a mumbari? Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi wa ɗansa kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida. Ya ƙi, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. A Sahihu Muslim an hana iyaye yi wa 'ya'yansu mugun baki, kuma an ce ana amsa addu'ar bawa muddin bai roƙi saɓo ko yanke zumunci ba. 'Yan'uwanmu Kirista da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a majami'un COCIN da ECWA sun san cewa a Afisawa sura 6, nan da nan bayan umarnin girmama uwa da uba, aya ta 4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, kuma Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba ta da dalili ba ta sauka. Ina ganin rabin warkewar mai imani yana nan: ranar da ya gane cewa ba ya cikin fushin Allah don kawai yana cikin fushin Hajiya.

Masu bidiyo daga Amurka za su ce ka yanke hulɗa baki ɗaya, ka toshe lamba. A can mutum na iya yi ya koma wata jiha ya fara sabuwar rayuwa. A Gangare ko Rikkos, saurayin da ke tsaron shagon babansa a Dilimi, ɗakinsa a zauren gidan, jarinsa na uban, ina zai je? Budurwa kuwa waliyyinta ne, kuma in ta kama haya ita kaɗai gari zai ɗauka da ita. Ga gado, ga suna, ga biki, ga ƙanne da za a bari a ciki. Akwai halin da nisa ya zama dole, inda ake duka mai raunatawa, ko lalata, ko barazana ga rai, kuma a nan babu wani sasanci, tsira ce farko. Amma ga mafi yawa, abin da ke aiki shi ne rage abin da ake miƙawa, ba tare da an yanke zumunci ba.

Judith Herman, likitar da ta fara bayyana wancan ciwon firgici mai sarƙaƙiya a 1992, ta ce warkewa mataki uku ce: samun aminci, sannan tunawa da makoki, sannan komawa cikin mutane. Jerin yana da muhimmanci, domin ba a tonon tsohon ciwo alhali ana kan yi maka sabo. Aminci a wurinmu abubuwa ne ƙanana masu taɓuwa. Asusun banki da kai kaɗai ka san abin da ke ciki. Sana'a ko da ƙarama ce. Kuɗin da za ka riƙa turawa gida duk wata, adadi sananne, don kada kowane kira ya zama ciniki. Ziyara mai lokaci, a je bayan la'asar a taso kafin magariba, in da hali tare da wani wanda ake jin kunyarsa, domin inuwar giginya ba ta son baƙo ya ga cikin gida. Sannan rage labari: ba kowane ƙarin girma, ko saɓani da miji, ko fili da ka saya ne zai isa kunnen wanda zai mayar da shi makami ba. Hausa ma ta ba mu harshen yin haka cikin ladabi. "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan watan abin da ya samu ke nan." "Baba, Allah ya ƙara girma, zan duba in sanar da kai." "To, Hajiya, na ji. Bari in je, sai na sake kira." Ba gardama, ba dogon bayani, domin bayani shi ne igiyar da ake jan ka da ita. A sa rai abin zai ƙara zafi da farko. Za a turo Gwaggo, a turo Kawu, a ce ka canja, matarka ta mallake ka ko mijinki ya raba ki da danginki. Wannan alama ce an lura, ba alama ce ka yi laifi ba.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi gudu. Kusan kowane ɗan irin wannan gida yana ɗauke da wani buri a ɓoye: wata rana zan kai uwata Makka, ko in gina wa ubana gida, a dube ni a ce na gode, na cuce ka, ka yafe mini. Saboda wannan burin ake kashe dukiya da shekaru. Wasu su tara ƙarfin hali su je su faɗi komai, sai a ce musu "Ni? Yaushe aka yi haka?", ko a fashe da kuka har su koma su ne masu ba da haƙuri. Mutumin da ciwonsa shi ne kasa ganin laifinsa, ba zai ba ka abin da ba shi da shi ba. Sai an yi makokin uwar da ba a samu ba alhali tana raye ana gaishe ta kullum, kuma makoki ne na gaske, da kuka da fushi da komai. Rubutu na taimakawa. James Pennebaker ya nuna tun 1986 cewa rubuta abin da ke ci maka rai na kimanin minti 15 a kwana huɗu a jere yana rage wa mutane da yawa nauyi. A rubuta da Hausa, da ainihin kalmomin da aka faɗa, a boko ko a ajami, in an gama a ƙona in ana tsoron a gani.

Yafiya kuma kada a yi mata gaggawa. Wadda aka matsa wa mutum ya furta a gaban dangi don a rufe magana, danne ciwo ce kawai. A ƙissar Annabi Yusuf, "babu zargi a kanku yau" ta zo ne bayan shekaru masu yawa, bayan ya fita daga hannun 'yan'uwansa, bayan su da bakinsu sun ce lalle mun kasance masu kuskure. Mutum na iya yafewa tsakaninsa da Allah ba tare da an roƙe shi ba, kuma da yawa suna samun sauƙi a haka. Amma yafiya daban, sake miƙa amana daban. Ka yafe wa wanda ya cinye maka jari ba ya nufin ka sake ba shi mabuɗin shago.

Sai muryar da ta rage a cikin kai, wadda ke cewa "ba za ka iya ba" da irin lafazin Baba ko da Baba ya shekara goma a kabari. Hanyar jinya ta gyaran tunani da Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960 a kan wannan take aiki: ka kama tunanin, ka tambaye shi hujja, ka tambayi kanka muryar wa ce. Kuma a tuna da waɗanda suka tsaya maka. Emmy Werner ta bibiyi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka har suka manyanta, ta ga kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin mawuyacin hali sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babban mutum ɗaya da ya riƙe su da ƙauna. A nan gidan yawa na Bahaushe ya yi rana. Kaka da ke ɓoye ka a bayanta, kishiyar uwa da ta fi uwar tausayi, malamin Islamiyya da ya taɓa cewa "yaron nan yana da kai". Su ma shaidu ne a kan ko wane ne kai, kuma shaidarsu ba ta fi ta mai zagi rauni ba. Abota ta gari da aure na gari suna gyara abin da gida ya ɓata, a hankali. Sai dai 'yan mata su yi hankali da auren gudun gida, domin wadda ta saba da ƙauna mai sharaɗi takan ga mai irin halin babanta ta ji kamar ta san shi tun da daɗewa.

Wanda abin ya hana shi barci, ko aiki, ko zaman aure, ya nemi masani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A san bambanci: likitan ƙwaƙwalwa yana duba cuta ya rubuta magani, masanin halayyar ɗan Adam kuma da zama da magana yake jinya, kuma raunin ƙuruciya ya fi buƙatar na biyun, ko da an haɗa da magani. Ƙarancinsu gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Ba mamaki har yau mutane na jin kunyar a gan su a layin. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna abin yana aiki. Muna da irin waɗannan tsofaffi a kowace unguwa, horon da riƙon sirri ne babu. Addu'a da zikiri ba sa karo da ganin likita. Wanda kuma ya fara tunanin kashe kansa, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Masu 'ya'ya sukan ji tsoro ranar da suka ji kalmar uwarsu ta fito daga bakinsu. Bitar da Joan Kaufman da Edward Zigler suka yi a 1987 ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka cutar suna yara ne ke cutar da nasu, wato mafi yawa ba sa yi. Kowane uba yana yin tsawa ba bisa ƙa'ida ba wani lokaci. Abin da gidan inuwar giginya bai taɓa yi ba shi ne a kira yaro bayan an huce a ce, "Zo nan. Ɗazu na yi maka faɗa fiye da laifinka."

Akwai kuma ranar da ƙarfi zai ƙare, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsoho. Abin da aka saba gani shi ne ɗan lele yana Abuja aiki ya yi masa yawa, wadda aka fi zagi ita ce a gefen gado da fo da ruwan zafi, ana kuma ci gaba da zaginta. Wasu tsofaffin suna yin laushi, wasu ciwo ƙara musu kaifi yake yi. Wadda ta zaɓi yin jinya don Allah ta yi, lada ce babba, amma kada ta shiga da tsammanin a nan ne za a ce mata an gode. Tun kafin a kai ga haka ya kamata 'yan'uwa su zauna, in da hali a gaban kawu ko baffan da kowa ke jin maganarsa, a raba kwana, a raba kuɗin magani, a rubuta wanda zai kwana a asibiti ranar Litinin da wanda zai karɓe shi ranar Talata.